Kolo da Murhun Gilashin Hajiya Gumsu

A shekarun da tattasai ya fara yin daraja a bakin Komadugu, babu manomin da bai san Kolo ba. Tun daga gonakin bayan garin Diffa har zuwa wajen Tumur, in injin ban ruwa ya yi tari ya tsaya, sunansa ake fara kira. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum baƙi ƙirin da baƙin mai, Hausarsa da karin Barebari a ciki kamar ta yawancin mutanen gari. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. A gonar ubansa ya tashi, kuma ranar da aka ƙetaro da injin farko ƙauyensu shi ne ya tsuguna a gefensa har rana ta faɗi. Kafin wani lokaci ya zama in ya kara kunne jikin inji sai ya ce buji ne, wato fulogi, ko ya ce karbireta ta sha yashi, a buɗe a tarar haka ɗin ne.

Yana da aboki, Tahiru. Ƙauyensu ɗaya, kaciyarsu ɗaya. Tahiru siriri ne, mai i'ina, bai iya kokawa ba, bai iya iyo ba, in an je kamun kifi shi ake bari ya tsare riguna. Kolo yana sonsa, irin son da mutum ke yi wa wanda ya san ya fi. Ya sha yin dambe saboda shi. A shekarar 1994, da Tahiru ya ce zai tafi Maiduguri neman sana'a, Kolo ne ya goya shi a babur har tasha, yana ta ja masa kunne kada ya yarda a cuce shi. Da ya dawo gida ya ce wa matarsa Aliya, “Bawan Allan nan ba zai kai damina ba zai dawo.”

Sai da Tahiru ya yi wajen shekara takwas. Ya dawo da tabarau, da farar riga, da i'inar da ta ragu har sai ka kasa kunne za ka ji ta. Ya kama shago a bakin kasuwa, kuma cikin dukan shagunan Diffa babu wanda ya samu sai wanda ke kallon rumfar Kolo. Ya sa allo da sunansa, ya kafa fanka, ya shiga gyaran rediyo da talabijin da firji, daga baya har da salula. A kan teburinsa akwai wani ma'aunin wuta ruwan ɗorawa mai wayoyi biyu, ja da baƙa. In ya ɗora su a kan abu sai lambobi su fito, mutane su leƙa, su jinjina kai. Ba a daɗe ba aka fara ce masa Injiniya. Kolo kuwa yana nan Kolo mai inji.

Abin mamakin shi ne aiki bai ragu wa Kolo ba ko kaɗan. Injuna ƙaruwa suke, ga jan waya a gidaje da ya ƙara a kan sana'arsa tun da wuta ta soma shiga unguwanni. Cinikinsu ma bai haɗu ba. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ya juya bencinsa ya ba titi baya don kada ya riƙa ganin shagon. Da ya ga wuyansa na ciwo saboda waiwaye, sai ya mai da bencin inda yake. Kullum da safe Tahiru kan ƙetaro da kofin shayi da kansa, ya gaishe shi, ya tambayi iyali. Kolo ya karɓa, ya shanye tas, in Tahiru ya juya ya ce wa na kusa da shi, “Sukari kawai. Shayin Maiduguri ke nan.”

Aliya ta taɓa tambayarsa, “Baban Nafisa, wai me mutumin nan ya yi maka ne?”

“Wa ya ce ya yi mini wani abu?”

“To ai kullum da sunansa kake cin tuwo.”

Kolo ya ture kwanon. Ya so ya gaya mata cewa wannan da ake layi a ƙofarsa, jiya-jiya shi ke tsaron riguna, amma ya ji in ya faɗa dariya za ta yi.

Cikin masu ba shi aiki babu kamar Hajiya Gumsu. Dattijuwa ce mai fataucin tattasai, tana da gonaki a bakin kogi, buhunanta har Kano suke zuwa. Kolo ke kula da injunanta tun tana da guda ɗaya, shi ya ja wayar gidanta, kuma ko ƙwan lantarki ne ya mutu ba ta yarda wani ya taɓa. Takan ce, “Ku kira mini Kolona.” Wannan kalma ta fi masa komai daɗi a garin, musamman da yake gidanta ne kaɗai babban gidan da Tahiru bai taɓa shiga da jakar aiki ba.

A ƙarshen 2008 ta koma aikin hajji, ta dawo cikin sanyi da wani murhu daga Jidda. Baƙin gilashi ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ba gawayi, ba kalanzir, ba harshen wuta. Ka ɗora tukunya ruwa ya tafasa, ka sauke ka taɓa gefen gilashin ka ji shi da sanyinsa. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Sai dai tukunyarsa guda ɗaya da aka sayo tare da shi kawai yake karɓa. In an ɗora tukunyar gida sai ya yi ta ƙara, ya ƙi.

Aka kira Kolo. Ya jera tukwanen gidan duka a tsakar gida, ya yi ta ɗorawa yana saukewa. Ya lura wani tsohon kwanon ƙarfe ya yi zafi, tukwanen dalma kuwa ko ɗumi. Ya koma rumfa ya ciro maganaɗisu daga cikin matacciyar rediyo, ya dawo ya manna a gindin kowace tukunya. Wadda ya kama, murhu ya karɓa. Wadda ya zame, murhu ya ƙi. Ya miƙa wa Hajiya maganaɗisun ya ce ta riƙa zuwa kasuwa da shi. Hajiya ta yi guɗa da bakinta, ta ce a gaban mata, “Kun gani? Ina ruwana da wani Injiniya.” Ranar Kolo ya bi ta gaban shagon Tahiru a hankali, yana fito.

Murhu ya yi aiki lafiya har sanyi ya wuce. Da zafi ya kama, sai ya tsiro da wani hali. Da safe ya dafa koko, da rana ya dafa shinkafa, amma da zarar rana ta sunkuya aka ɗora tukunyar dare, sai ya yi ƙara, wani harafi da lamba su fito ja a kan gilashin, ya ɗauke.

Kolo ya zo da hantsi, ya kunna, ya ga ruwa na tafasa. Ya ce lafiyarsa ƙalau, wataƙila masu girkin ne suke danna inda bai kamata ba. Washegari aka sake aikowa. Ya ɗauke shi zuwa rumfa, ya rufe shi da buhu don kada a hango daga ƙetaren titi, ya kwance shi. Bai ga abin da ya sani ba. Wani nannaɗaɗɗen jan ƙarfe ne kamar faifai, da allo kore mai ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, da 'yar fanka da garin tattasai ya toshe. Ya hure fankar har ya yi ta atishawa, ya ɗaure, ya mayar yana cewa ya gano ciwon. Da magariba murhu ya sake ɗaukewa. Ya canja kan wayar, ya canja soket. Ya zura tastarsa, sukudireban nan mai ɗan ƙwai a ciki, ƙwan ya kama. Wuta dai akwai ta. To me ya rage?

Hajiya tana zaune a kan darduma tana kallonsa. Ta ce, “Kolo, sunan jikata ya matso, mata za su cika gidan nan. Ko dai a kira yaron nan Tahiru ya duba?”

Kolo ya ajiye tastarsa. Ya ce, “Ya Gumsu, ni na taɓa kasa miki wani abu?”

“Ba ka taɓa ba.”

“To ki bar ni da shi.”

A hanya ya yi ta juya abin. Ya fara zargin wutar ce ba ta isa, don ya ga ƙwan tsakar gida ya yi ja lokacin da murhun ya ɗauke. Amma tasta ba ta faɗin yawa, kamawa kawai take. Abin da zai gaya masa gaskiya yana can kan teburin Tahiru, taku kaɗan daga rumfarsa. Ya san in ya ƙetara ya nemi aro, Tahiru zai miƙo da hannu biyu, har ya ce bari in raka ka. Wannan rakiyar ce ba zai iya haɗiyewa ba.

Da sassafe ya hau babur, ya ƙetare kogi, ya nufi Damasak. Ya zaga kasuwa har ya samu irin ma'aunin, ruwan ɗorawa shi ma, ya saya bai tsaya an nuna masa yadda ake yi ba, don mai shagon ya tambaye shi ko yaron Injiniya Tahiru ne. Ya iso gida la'asar, ya shige can cikin rumfa, ya murɗa maɓallin zuwa inda ya ga dama, ya zura wayoyin biyu cikin soket. Sai fau! Tartsatsi ya tashi, wari ya cika rumfar, ma'aunin ya yi duhu. Daga ƙetaren titi Tahiru ya ɗaga murya, “Kolo, lafiya?”

“Lafiya lau. Walda nake.”

Ya tura gawar ma'aunin ƙarƙashin tarin matattun injuna.

Ranar suna aka yanka rago da safe, maza suka watse, da yamma gida ya cika da mata. An yi babban girki a murhun itace a bayan gida, amma Hajiya ta sa an fito da na gilashin kan tebur a bakin madafi, za a dafa shayi a kai a gaban ƙawayenta da suka zo daga Maine da Gigimi. Kolo yana tsaye a zaure, ya ce wa kansa ya zo ne don kula da fitilu. Aka ɗora buta. Ta fara kuka, mata suna tafi, sai ƙarar nan, sai jan harafin. Wata ta ce, “Hajiya, ko sai an yi masa Larabci ne?” Gida ya ɗauki dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma dubi Kolo ba. Ta ce wa direbanta, “Je ka ɗauko mini Tahiru.”

Tahiru ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya juyo ya ba Kolo hannu. Bai taɓa murhun ba tukuna. Ya tambayi lokacin da yake ɗaukewa, da watan da ya fara. Ya ce, “Kolo, me ka riga ka duba? Kada in maimaita.” Kolo ya lissafa masa a taƙaice, idonsa na kan bango. Tahiru ya ce madalla, an rage masa rabin aiki. Ya je inda wuta ke shigowa gidan ya auna, ya dawo bakin madafi ya auna, ya sa aka kunna murhun ya sake aunawa.

“Hajiya, murhunki lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Yunwa yake ji. Wutar da yake so ɗari biyu da ashirin ce. Yanzu da zafi, gari duka ya kunna fanka da firji, ga magariba kowa ya kunna fitila, abin da ke isowa ƙofarki bai fi ɗari da tamanin ba. Kafin ta iso nan madafi, in murhu ya ja, ta koma ɗari da sittin. Shi kuwa an yi shi ne in wuta ta faɗi haka ya kashe kansa don kada ya ƙone. Jan harafin nan abin da yake faɗa ke nan.”

“To me ke cinye ta tsakanin ƙofa da madafi?”

Tahiru ya ɗaga kai ya bi wayar da ido. Siririya ce, ta bi katanga, ta zaga bayan ɗakuna, ta yi tafiya mai nisa kafin ta sauko. Kowa a gidan ya san wanda ya ja ta. Kolo ne. Ya tsaya yana jiran Tahiru ya faɗa, har wani ɓangare na zuciyarsa yana so ya faɗa ɗin, don ya samu abin riƙewa a kansa har abada.

Tahiru ya ce, “Wannan waya don ƙwai ɗaya aka ja ta, kuma ta yi aikinta shekara da shekaru. Wanda ya ja ta bai san za a je Jidda a sayo murhu ba. Yanzu sai a ja mai kauri, ta miƙe kai tsaye. A kuma sa regilatar, akwatin nan mai ɗaga wuta in ta faɗi, babba wanda zai iya ɗaukar murhun. Akwatin zan nemo. Jan wayar kuwa, Hajiya, a garin nan babu hannun da ya kai na Kolo. Ni in na ja, karkacewa take.”

Mata suka ce kai, wannan yaro da ladabi yake. Hajiya ta ce Allah ya yi masa albarka, ta sa aka cika masa kwano da naman suna. Aka ba Kolo nasa kwanon, daidai da na Tahiru, amma shi ya ga kamar na Tahiru ya fi tsoka.

A gida ya ajiye kwanon gaban Aliya ya ƙi ci. Ta riga ta ji labari, don tana cikin matan. Ta ce, “Ai ya rufa maka asiri.”

“Wa ya roƙe shi? A gaban mata zai yi mini sadaka da yabo? Ni zai ce wa hannuna ya fi? Da can bai sani ba sai yau?”

“To da tona ka ya yi fa?”

“Da ya fi mini.”

Ta dube shi ta ga da gaske yake, sai ta ja kwanon ta raba wa yara.

Kolo ya ja wayar kuwa. Ya yini a kan tsani cikin rana, ya miƙar da ita kamar an ja zare, ƙusa bayan ƙusa, babu inda ta yi ciki. Tahiru ya kawo akwatin ya haɗa. Da magariba aka ɗora buta, ƙwan tsakar gida ya yi ja kamar kullum, akwatin ya yi ƙas-ƙas yana gurnani, murhun bai ko yi tari ba har ruwa ya tafasa. Tahiru ya gargaɗi Hajiya cewa ranar da wutar gari ta faɗi ƙwarai, akwatin ma ba zai iya ba, sai a haƙura a hura gawayi. Ta ce ta ji. Ta rako su har zaure tana cewa, “Allah ya bar mini ku, 'ya'yana.” Kolo ya ji kalmar sarai. Da shi kaɗai ne, yanzu sun zama biyu.

Daga nan gidan ya rabu. Injunan gona da jan waya na Kolo, duk abin da ke da lambobi na Tahiru. Kolo bai daina zuwa ba, bai kuma daina duba zaure ba ko zai ga takalman Tahiru. Ya sake sayen wani ma'aunin a ɓoye. Wannan karon ya zaunar da 'yarsa Nafisa, wadda ke kolej, ta karanta masa abin da ke rubuce jikin maɓallin, ya yi alama da jan fenti a inda ake auna wutar gida. Ya iya, har ya fara gano wa mutane dalilin da firjinsu ke gurnani ba ya sanyi. Amma ba ya fito da ma'aunin a rumfa sai Tahiru ya tafi masallaci.

Kafin shekara ta zagayo wani piroje, wato shirin agaji, mai kafa faifan hasken rana a asibitocin ƙauye ya ɗauki Tahiru aiki, aka ce Damagaram zai zauna. Ya ƙetaro ya yi sallama, ya riƙe hannun Kolo ya daɗe bai saki ba, i'inarsa ta dawo har ya kasa ƙarasa magana. Kolo ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kuma taya shi ɗora kaya a mota, ya ɗaure su da igiya da kansa don ya ga ɗaurin yaran tasha bai yi ba.

Ya ɗauka zai sha iska. Sai ga mutane suna zuwa rumfarsa da rediyo da fanka da firji, kowa ya ce, “Injiniya ne ya ce mu kawo maka.” Kolo ya ce wa Aliya, “Kin ji? Saura yake bar mini.” Ya karɓa dai, wanda ya iya ya gyara, wanda bai iya ba ya ce a kai Maiduguri. Wani mai sayar da buhuna ya kama shagon, ya cire allon. Da safe Kolo kan sayi shayinsa wurin mai tebur, ya zauna yana kallon buhuna, babu wanda zai yi wa tsaki.

Wata rana da la'asar aka kawo masa wani firjin mai sayar da ƙanƙara da ya gagari mutum biyu. Ya auna, ya bi waya, ya gano haɗin da ya yi tsatsa yana cinye wuta, ya gyara, firji ya ɗauka. Ya dawo gida yana ta kai da kawowa a tsakar gida. Can ya ciro salula, ya sa Nafisa ta nemo masa lambar Tahiru. Ya ce wai gaisuwa zai yi. Bai gama gaisuwar ba ya shiga labarin firjin, tun daga farko har ƙarshe, da lambobin da ma'auni ya nuna. Aliya tana jiyo muryar Tahiru daga inda take tankaɗe, yana cewa masha Allah, masha Allah, ai shi da wuya ya gano wannan. Ya ce an ba shi mota da direba, amma yana kewar gida, ruwan Damagaram bai karɓe shi ba. Suka yi sallama.

Kolo ya zauna a kan turmi, salular a hannunsa.

Aliya ta ce, “Yana lafiya?”

“Lafiya lau,” in ji Kolo. “Mota aka ba shi. Da direba.” Ya juya salular ya sake juyawa. “Ke ba ki ji ba? Har muryarsa ta yi ƙiba.”